YINI GUDA TSAKANIN GANUWA, GARAKE DA FADA

Ma'aikatan da aiki ko hutu ya kai bakin teku sukan komo da labarin manyan gidajen tarihi. Wasu sun ga gidan Elmina na ƙasar Gana, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Wasu sun ƙetara zuwa tsibirin Gore na ƙasar Senegal, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 1978. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ware yini guda domin zagaya abin da ke ƙofar gidansu. Alhali tsakanin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela akwai kufai, akwai garake, akwai fada, kuma mota tana iya haɗa su daga hantsi zuwa magariba.

Da safe, sai matafiyi ya fara da Birnin Ƙonni. Sunan garin kansa shaida ne, domin ba a ce wa gari birni sai yana da ganuwa. Ƙonni tsohon gari ne. A ƙasarsa ne kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zauna bayan tasowarsu daga Futa Toro. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransawa, ƙarƙashin kaftin Bule da kaftin Shanuwan, ta faɗa wa garin bayan ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. An karkashe mutane masu ɗimbin yawa, an ƙone gidaje. Shugabannin nan biyu ba su ga ƙarshen damina ba, don kuwa sojojinsu ne suka harbe su a watan Yuli, kusa da Tasawa. A yau gari ya bunƙasa ya haɗiye tsohon birni, kuma baƙon da ke son sanin inda ganuwa ta bi, sai ya nemi dattijon unguwa ya nuna masa.

Daga nan sai a fita bayan gari, inda ido zai huta. Gandun noman rani na Ƙonni ya zarce hekta 2.000, yana shan ruwan kwarin Magiya da aka tare a madatsun Mozage da Zango. An shimfiɗa shi a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, bayan babban farin da ya gigita ƙasa, kuma ofishin ONAHA, wanda aka kafa a 1978, ya kama wa ƙungiyoyin manoma wajen tafiyar da shi. Garaken nan ba na shaƙatawa ba ne irin na sarakunan Turai. Na cika rumbu ne. A ƙauyukan da ke gefen hanya kuma za a ga manyan rumbunan ƙasa, waɗanda gwanintar gininsu ta isa a tsaya a duba.

Idan aka miƙe gabas bisa hanyar Maraɗi, an wuce Tsarnawa, sai Malbaza, garin da aka san shi da masana'antar siminti tun shekarun 1960, wanda ya zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Gaba kaɗan sai Galmi, wadda jar albasarta ta kai sunanta kasuwannin Abijan, Akara da Kwatano. A yankin nan ne ƙauyen Maratta yake, inda aka haifi Shehu Usmanu a 1754.

Bayan azahar sai a juyo Tsarnawa, a kama hanyar Tawa, a ratse a Badagishiri zuwa Illela. Kada a rikita ta da Illelar Nijeriya da ke kudu da Ƙonni. Wannan ita ce mazaunin Sarkin Adar. Gidan sarautar ya samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Almubarak, wanda ya ci ƙasar Adar a ƙarshen ƙarni na 17. Sarauta ta fara zama a Birnin Adar kafin ta komo Illela. Malam Jibo Hamani ya tattara wannan tarihi cikin littafinsa na 1975, kuma bakin dattawa na cikin abin da ya dogara da shi. Baƙon da ya isa ƙofar fada da la'asar, ya yi sallama cikin ladabi, ba zai rasa wanda zai jero masa sunayen sarakuna ba.

A nan ne bambanci yake. Gidajen bakin teku na dutse ne, suna iya jiran mai gyara shekara da shekaru. Na nan kuwa na ƙasa ne: kowace damina tana cin rabonta, mai neman tubali ya kwashe saura. Sauran tarihin yana cikin kawunan tsofaffi, su ma ba jira suke ba. Birnin Agadas, wanda shi ma ginin ƙasa ne, ya shiga kayan gadon duniya a 2013 saboda mutanensa ba su daina yaɓe ba.

Aikin bai fi ƙarfin kowa ba. Magadan gari na iya shata wuraren tarihi, su hana haƙar ƙasa, su kafa alluna da Hausa da Faransanci. Malaman lakwal na iya kai yara sau ɗaya a shekara. Waɗanda suka ci yaƙi da jahilci kuwa, alƙalami na hannunsu: kowa ya zauna gaban tsohon unguwarsu ya rubuta abin da ya ji, da suna da kwanan wata. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai wanda bai adana ta ba, ranar ciwo ba zai same ta ba.