Jinga a Zauren WhatsApp: Ƙa'idojin da Ke Raba Neman Taimako da Satar Amsa

A Mahuta da ke kudancin Kaduna, kamar a maƙwabtanta irin su Sabon Tasha da Kamazou, da wuya a samu ajin sakandare da ba shi da zauren WhatsApp. Da yamma ta yi, hotunan jinga sukan fara shigowa, kowa na cewa "a taimaka da amsa". Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, sannan Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya a 2024, samun amsa ya koma aikin daƙiƙa kaɗan.

Matsalar ita ce waya ba ta shiga ɗakin jarrabawa. WAEC da NECO da JAMB duk sun haramta ta. A jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ɗalibi yana fuskantar tambayoyi 180 cikin awa 2, daga shi sai abin da ke kansa. Wanda ya saba kwafa, ranar zai ga illarta. Shi ya sa zaure mai amfani yake buƙatar ƙa'idoji.

Mai tambaya ya nuna ƙoƙarinsa

Maimakon ya turo hoton 2x + 6 = 14 kawai, sai ya rubuta: "Na samu x = 10, amma da na gwada bai yi daidai ba." Nan take za a gane cewa ya ƙara 6 a kan 14 ne, alhali cirewa ya kamata ya yi. Da ya gyara, 2x ta zama 8, x kuma 4. Ya koyi hanyar da zai warware duk tambaya irin wannan.

Mai amsa ya nuna hanya

Ya faɗi matakin da aka kauce, ko ya warware makamanciyar tambayar da wasu lambobi daban, ya bar mai jinga ya ƙarasa tasa da hannunsa.

A tantance amsar manhaja

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, don haka sukan kawo kuskure a cikin kyakkyawan tsari, har mutum ya ɗauka daidai ne. Duk wanda ya ɗauko amsa daga can ya faɗa, kuma a gwada ta da littafin aji kafin a yarda da ita.

Tambaya ɗaya, hoto mai kyau

A faɗi darasi da aji, a ɗauki hoton a wuri mai haske, a yanke sunan ɗalibi da na makaranta. Shafuka goma a lokaci guda cin datar jama'a ne kawai.

Babu "expo"

Jinga daban, tambayoyin jarrabawar da ba a riga an zauna ba daban. Dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri, kuma hukumar jarrabawa tana iya soke sakamako. Galibin masu neman a tura musu kuɗi don su ba da amsoshi 'yan damfara ne.

Aikin admin

Ya rubuta ƙa'idojin a bayanin zaure ta yadda sabon shiga zai gani, ya kuma maƙala su a sama. WhatsApp ya ba admin ikon goge saƙon kowa, da ikon amincewa da mutum kafin ya shiga. Wanda ya saɓa, a fara da yi masa gargaɗi a keɓe, domin kunyata yaro a bainar jama'a yakan sa ya daina tambaya gaba ɗaya. Idan ya maimaita, sai a cire shi.