Damo Sarkin Haƙuri: Abincin Da Ya Dace Da Shi A Hannun Mai Kiwo

Hausawa suna yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, amma wannan haƙurin ne yakan jawo masa halaka idan ya faɗa hannun mai kiwo. Ba ya kuka, ba ya nuna ciwo, sai dai a wayi gari a tarar ya mutu, alhali kuwa mai shi yana ganin bai rage shi da komai ba.

Kiwon damo don sha'awa ya yi ƙarfi a Turai da Amurka, inda ake kai ƙananansa daga Ghana da Togo da Binin. Yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta wajabta samun izni kafin a fitar da shi zuwa wata ƙasa. Masu kiwonsa a can kukansu ɗaya ne: da zarar ya saba da ɓera ko nama, sai ya ƙi duban komai, har kitse ya lulluɓe masa hanta ya gajarta masa kwana.

Masana sun bi sawunsa a daji don gano dalili. Binciken Mamadou Cissé a Senegal, wanda aka buga a 1972, da na Daniel Bennett a Ghana, sun nuna cewa yawancin abincin damo ƙananan halittu ne, wato gyare da fara da buzuzu da ƙadandoniya da dodon koɗi, har da kunama. Da damina yakan ci ya tara kitse, da rani kuma ya shige rami ya yi watanni bai sa komai a baki ba. Ashe ke nan damon da ya ƙi abinci da hunturu ba tsirfa yake yi ba, al'adarsa ce.

A nan gida, wanda ke zaune a unguwar Sabon Gari ta Wudil ya fi Baturen Ingila sa'a, domin gonaki da bakin kogi suna kusa da shi, abin da wancan ke saye da tsada shi a ƙofar gida zai same shi. Dabarar ita ce a rage masa naman da ya saba da shi sannu a hankali, a bar shi ya ji yunwa kwana biyu ko uku, sa'an nan a sako masa fara ko gyare masu rai, tun da motsi ne ke tayar masa da sha'awa. Idan ya ƙi, a goga musu ɗan naman don ƙanshin ya ja shi. Kada a ba shi iri ɗaya kullum, yau gyare, gobe dodon koɗi.

Akwai abubuwa uku na kiyayewa. Na farko, a guji farar da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi, da soyayyar farar kasuwa mai gishiri da yaji. Na biyu, ƙwari ba su da isasshen sinadarin kalsiyam, saboda haka a riƙa barbaɗa musu dakakken ɓawon ƙwai, in ba haka ba ƙashinsa zai yi laushi. Na uku, damo ba ya narkar da abinci sai jikinsa ya ɗumama, don haka a ba shi wurin shan hantsi da inuwar fakewa da ruwa mai tsabta.

Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil suna da fili a nan na nazarin halittun da ke kewaye da su. Wanda kuwa ya san ba zai iya ɗaukar wannan ɗawainiya ba, gara ya bar damo a raminsa, inda yake rage wa manomi ƙwarin gona ba tare da an biya shi ko kwabo ba.