Ko Ka Sani? Yadda Kwamfuta Ke Gane Tudu da Kwari a Bakin Titi

Mai tafiya a ƙasa a mahaɗar Dubeli cikin Jimeta ba ya buƙatar a nuna masa ɗan dakalin simintin da ya raba kwalta da wurin tafiyar ƙafa, ɗaga ƙafa kawai zai yi ya hau. Kwamfuta kuwa ba ta da ido. Abin da ke gabanta layi ne siriri a kan taswira, ba tudu ba kwari. To ta yaya za ta san ɓangaren da ya fi tsayi?

Masu zana OpenStreetMap, taswirar da Steve Coast ya assasa a Ingila a 2004 wadda kowa ke iya gyarawa kyauta, sun yi wata dabara. Kowane layi yana da mafari da ƙarshe, wato yana da inda ya dosa. Sai suka amince cewa idan ka bi layin dakali daga mafarinsa, tudu yana hagunka, kwari yana damanka. Haka ake zana gangaren dutse da gaɓar teku ma. Kogi kuma yakan bi ruwansa, don haka layin Binuwai daga wajen Garwa yake tasowa, ya ratsa Jimeta, ya nufi Numan.

A nan ne sabon shiga ke tuntuɓe. Tun 1972 hannun dama ake tuƙi a Najeriya, saboda haka dakalin bakin titi yana daman direba. Wanda ya ja layinsa yana bin motoci ya bar kwalta a hagu ke nan, ya mai da titi tudu. Dole ya juya, ya zana yana fuskantar motocin. Amma dakalin tsakiyar tagwayen titi da na shataletale, waɗannan tare da motoci ake bin su. Doka ɗaya ce, hannu ne ke rikicewa.

Ana kuma rubuta tsayin dakalin. Wanda ya wuce santimita 3 ana lissafa shi mai tudu, akwai wanda aka sassauto, akwai wanda ya yi daidai da kwalta.

Wani zai ce ana ta fama da ramuka da ambaliya, wa ke ta dakali? Ni a ganina wannan tambaya ce ta mai ƙafa biyu. Ga mai keken guragu, taƙi guda na siminti ya isa ya tilasta masa komawa cikin kwalta ya yi gogayya da Keke Napep. Manhajojin da ke nema wa naƙasassu hanya da irin wannan bayani suke aiki, kuma hoton tauraron ɗan'adam ba ya nuna santimita 3. Sai ɗan unguwa ya je da ƙafarsa ya duba, ya auna, sannan ya shigar.