Ma'anar "gagara mai shi" da amfaninta a garuruwan uraniyam

Hausawa kan ce "ajami gagara mai shi", watau rubutun da kan buwayi wanda ya yi shi da hannunsa in ya komo karantawa. Kalmar ta haɗa aikatau "gagara" da "mai shi", kuma ta bambanta da "jagwalgwalo", wanda ke nufin munin hannu kawai. Gagara mai shi yana iya zama kyakkyawan rubutu. Abin da ya rasa shi ne cikar alamomi. A ajami rufu'a ɗaya ce ke wakiltar u da o, saboda haka "kura" da "kora" kan fito da kama ɗaya. In aka bar wasulla gaba ɗaya, sai mai karatu ya koma ga cinta.

Wannan magana tana da nauyi a Arlit da Akokan, cikin jihar Agadas. Kamfanin Somaïr ya soma fitar da uraniyam a 1971, Cominak kuma a 1978, har zuwa rufe shi a 2021. Aikin ya jawo ma'aikata da ƴan kasuwa daga kudancin Nijar zuwa ƙasar Abzinawa, sai hanyoyin rubutu huɗu suka haɗu: ajami, tifinar, boko, da Hausar da ake rubutawa bisa ƙa'idar Faransanci, inda "kasuwa" kan zama "kassoua". Tifinar ta gargajiya ita ma ba ta cika nuna wasulla ba, ba ta kuma raba kalmomi.

A irin wannan wuri ya kamata a rarrabe abu uku: hannun da ya ɓaci, rubutun da alamominsa suka gaza, da rubutun da mai dubawa ne bai koya ba. Na biyun kaɗai ya cancanci sunan gagara mai shi. Idan malamin yaƙi da jahilci ya ɗora sunan a kan na ukun, zai lissafa mai rubuta bashinsa da ajami ko wasiƙarsa da tifinar cikin jahilai, ya soma masa karatu daga farko.

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aikin daidaita boko. Abin da ya rage ga masu tsara shiri shi ne su tambayi kowane ɗalibi rubutun da ya riga ya sani, su sa shi ya karanta nasa bayan kwana bakwai. In ya karanta, rubutun bai gagari mai shi ba, kuma a kansa za a ɗora.