Maganin da Ya Raba Doki da Nasararsa

A garin Louisville, cikin jihar Kentucky ta Amurka, akan yi wata babbar sukuwa kowace shekara, ana ce da ita Kentucky Derby. Ran 4 ga Mayu, 1968, wani ingarma mai suna Dancer's Image ya taso daga can baya ya wuce dawaki duka. Amma murna ba ta daɗe ba. Da aka auna fitsarinsa sai ga ɓurɓushin wani magani, phenylbutazone, wanda dokar sukuwar jihar ta hana a lokacin. Aka ba na biyu, Forward Pass, kuɗin.

Ashe dokin nan dama yana fama da ciwon ƙafa. Shi kuwa maganin, aikinsa kashe zafi da kumburi. To, haɗarin ke nan. Dokin da ba ya jin ciwo sai ya zuba gudu bisa ƙafar da ba ta warke ba, har ta kai ga karaya. Da irinsa ma akan ɓoye wa mai saye ɗingishin doki.

Mai dokin, Peter Fuller, ya yi shekaru yana shari'a, bai ci ba. A 1974 kuma Kentucky ta halatta maganin. Kuɗin dai ba su komo masa ba.