Yadda ake tsawaita ran tsohuwar a-kori-kura a gida

Daga Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna zuwa Toyota Hilux, wadda ta fara fitowa a 1968, a-kori-kura ta daɗe tana ɗauke wa 'yan kasuwa nauyi. Sai dai idan ta ci dubban ɗaruruwan kilomita, ƙaramin sakaci kan kai ga sauke inji, alhali galibin rigakafin ana iya yin sa a ƙofar gida.

Baƙin mai ne kan gaba. Tsohon inji yana shan mai, don haka ya kamata a duba shi kowane mako kafin a tayar da mota, a kuma juye shi tare da filta bayan kilomita 5,000. Da hunturu, ƙura kan toshe matatar iska, ƙarfin mota ya ragu, shan mai ya ƙaru.

Lagireto na buƙatar ruwan sanyaya inji, domin ruwan rijiya zalla yana haddasa tsatsa. Ba a buɗe murfinsa da zafi, saboda tururi kan ƙona fuska.

A tsoffin injinan dizal na Hilux, irin 3L da 5L, ana sauya bel ɗin tayimin a kilomita 100,000. Idan ya tsinke a tafe, fistin kan daki bawul, inji ya lalace. Wannan aikin bakanike ne, haka ma birki.

Mai shiga ƙarƙashin mota kuwa, kada ya dogara da jak kaɗai: sai ya tokare ta da ƙarfen tsayuwa, ya kuma datse tayoyi.