Kafin ka shiga gandun dajin W

A kudancin Yamai, cikin jihar Tilaberi, akwai wani babban daji da ake kira gandun W. Ya samo sunansa ne daga kogin Isa, wanda ya lanƙwasa a wurin kamar harafin W. An mai da shi gandun ƙasa a shekara ta 1954. Ɓangaren Nijar ya kai hekta 220.000, sauran kuma yana cikin Benin da Burkina Faso. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Cikinsa akwai giwa da ɓauna da zaki da dorina da gwanki, ga tsuntsaye iri-iri. To amma gandu ba dajin kowa ba ne. Ba a shigarsa kamar yadda ake shiga kasuwa.

Abu na farko shi ne tambaya. Tun wajen 2020 ƴan bindiga sun addabi yankin, har tafiya can ta zama haɗari. Saboda haka kada kowa ya kama hanya sai ya je wurin ma'aikatan gandun daji ya ji ko an ba da izini. In sun ce a dakata, a dakata. Rai ya fi kallo.

Na biyu, lokaci. Da damina ciyawa ta yi tsawo, hanyoyi sun lalace. Lokacin ziyara shi ne rani, daga Disamba zuwa Mayu. Da zafi ya tsananta, namun daji kan taru a bakin ruwa, nan ne ake ganinsu sosai.

Na uku, kuɗin shiga. Ƙofar gandun tana Tapowa, wajen kilomita 150 daga Yamai, ta hanyar Sayi da Tamu. Kafin matsalar tsaro, nan ake nuna takardar shaida, a biya kuɗi, a karɓi rasit. Ka adana rasit ɗinka, shi ne shaidarka in an tsai da kai. Kuɗin nan ba asara ba ne, don tsaron daji da gyaran hanyoyinsa sai da kuɗi.

Na huɗu, jagora. Ba a barin baƙo ya shiga shi kaɗai. Jagora ya san hanya, ya san sawun kowace dabba, ya san lokacin da giwa mai ɗa ta fusata. In ya ce kada ka sauka daga mota, to kada ka sauka.

A cikin gandu an hana farauta, da kiwo, da saran itace, da cinna wuta. Wanda ya kiyaye dokokin nan ya taimaka jikokinmu su ga giwa da idonsu, ba a hoto kaɗai ba.

Tambayoyi
1. Daga ina gandun W ya samo sunansa?
2. Don me rani ya fi dacewa da ziyara?
3. Mene ne aikin jagora?